Sauya sunaye a littafin kyauta ba shi ne gyara manhaja ba

Akwai wani sabon yayi da ya shigo jami'o'i wanda gaskiya yake ba ni haushi. Za a sauke littafin karatu na kyauta daga intanet, irin na OpenStax ɗin nan da jami'ar Rice ta Amurka ta fara fitarwa a 2012, a goge sunayen mutanen da ke cikin misalai a sa waɗanda ɗalibai suka saba ji, a manna tambarin jami'a a bango, shi ke nan sai a kira taro a ce wai an daidaita manhaja da al'adun ɗalibai. Don Allah me aka daidaita?

Littafin tattalin arzikin da aka gina kan babban bankin Amurka da tsarin harajinta, ko sunaye dubu ka sauya, labarin Amurka yake ba wa yaro. Na ilimin halayyar ɗan Adam ma ya fi damuna. Binciken da wani masanin fannin, Jeffrey Arnett, ya wallafa a 2008 ya nuna kashi 96 cikin ɗari na mutanen da aka yi nazari a kansu a manyan mujallun fannin daga ƙasashen Yamma masu arziki suka fito, kashi 68 daga Amurka kaɗai, alhali ƙasashen nan gaba ɗayansu kusan kashi 12 ne na mutanen duniya. To yanzu ɗalibin da ya tashi a babban gida mai kakanni da jikoki ya buɗe babin iyali ko na tarbiyyar yara, ya karanta daga farko har ƙarshe bai ga gidansu ba ko a layi ɗaya, zai haddace ya zuba a jarabawa ya ci, amma abin da ya shiga kansa shi ne rayuwarsu ba ta kai a rubuta ba, kuma a haka zai fita ya je ya koyar da wasu.

Abin takaicin ma, izinin gyaran yana nan a rubuce. Lasisin Creative Commons da ke kan irin waɗannan littattafai ya yarda ka cire babi, ka ƙara naka, ka haɗa da wani, ka raba wa duniya, in dai ka ambaci masu asalin aikin. Shawarar da UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta amince da ita a Nuwamban 2019 kan irin waɗannan kayan karatu na kyauta ma ta ambaci gyara da daidaitawa ƙarara. Amma shugabannin jami'o'i kuɗin littafin da aka rage kawai suke lissafawa.

Masu cewa ilimi ba shi da ƙabila, sai su fara gaya mana dalilin da ya sa misalan duk daga gefe guda suke zuwa. Masu cewa ɗalibi bai isa ya taɓa manhaja ba kuwa, tsoron a gano tsohuwar takardar lakcar da suke maimaitawa shekara da shekaru ne ke damunsu.

Ai an yi an gani. Shirin TESSA na horar da malamai a Afirka, wanda ya fara a 2005, malaman ƙasashe daban-daban ne suka zauna suka sake tsara darussa don azuzuwansu, da Turanci da Faransanci da Larabci da Suwahili. Aikin haɗin gwiwa ne, kuma wanda zai yi amfani da abu shi aka zaunar a teburin rubuta shi.

Wannan nake so a yi da ɗalibai. Kowane zango a ɗauki babi guda, lakcara da 'yan ajinsa su warware shi, su kawo misalai daga rayuwarsu, malam ya tace, a sa sunayensu a jiki. Kuma jami'a ta lissafa wa malamin wannan wahala lokacin ƙarin girma, don muddin maƙala a mujalla kaɗai ake ƙirgawa, babu lakcaran da zai ɓata hutunsa a kan babin da ba wanda zai tambaye shi.