Lamba Tara

Ni dai ban roƙi aikin nan ba. Koci ne ya kira ni ranar Laraba, wai gasar ƙwallon kwando ta tsangayun kwalejinsu ta zo wasan ƙarshe, suna neman wanda zai zauna a tebur ya rubuta abin da kowane yaro ya yi, a fitar da gwarzo. Ya ce kaf majalisarmu ba wanda ya kai ni sanin wasan. Ina zan musa, ni da na ishe ku da zancen Adama Sanogo tun azumin 2023? Daren da jami'ar Connecticut ta doke San Diego State 76 da 59 ban runtsa ba, an fara bayan ƙarfe biyun dare agogonmu, aka tashi dab da sahur. Sanogo ɗan Mali ne da ke buga wa Connecticut, da azuminsa ya yi gasar, ran ƙarshe ya ci maki 17, ya cafke ƙwallon da ta dawo daga kwando sau 10, aka ba shi gwarzo. Tun ranar nake ji kamar ni na koya masa.

Asabar na sa shadda, na sayi sabon littafi da biro kala biyu, na ja layuka da rula. Maki, cafke, fasin da ya haifar da ci, ƙwace, tare jifa, duk a tara su. Jifan da aka ɓarar da ƙwallon da aka zubar, a ɗebe. Abin da ya rage shi ne darajar ɗan wasa, kamar yadda masu lissafin FIBA, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ke yi. Sunayen yaran ban sani ba, na ce ba komai, ai lamba na bayan riga.

Sai ga mutuminku ya jawo kujera ya zauna a bayana. Mai raken nan, surukin mai shayinmu. Wanda ya ranci dubu biyuna tun bikin ƙanwarsa, yanzu yarinyar har ta yaye. Bai san kwando ba, bai san raga ba, inuwar rumfar tebur kawai ta kawo shi. Ya zo da rake sanda guda da 'yar wuƙa, yana fere yana tsotsa yana tofar da tuka kusa da takalmina. Mutumin da ko gaisuwa sai ya gama tauna yake amsawa.

Aka busa usur. Lamba 9 wani zabgegen yaro ne, in ya miƙa hannu kamar ya shafo bakin kwandon, kuma kwandon nan mita 3.05 yake daga ƙasa. Kwata biyun farko, minti goma-goma, shi kaɗai ya ci 18. Hannuna har zafi yake. Ni kaina na ƙasa, in ɗago in ga lamba, in sunkuya in rubuta, in ɗago, in sunkuya.

Bayan hutun rabin lokaci na lura lamba 9 kamar ya ɗan ragu. Ga abin da na rubuta da jan biro, littafin na nan: "Ya fara gajiya, yana yawan sunkuyawa." A kwata na huɗu kuma na ƙara: "Ya yi haske, alamar ƙishirwa." Daidai nan mai rake ya taɓa kafaɗata ya ce, "Malam, ba shi ba ne fa." Na ce, "Wa?" Ya sa wani gaɓar a baki. Shi ke nan. Don Allah wannan gargaɗi ne? Mutum ya ga ɗan'uwansa zai faɗa rijiya, ya ce "akwai rami" sau ɗaya, ya koma cin rake. Yanzu yana yawo a gari yana cewa ai ya faɗa mini.

Tsangayar lamba 9 ta sha kashi, 44 da 41. Aka jera kujerun roba, wakilin shugaban kwaleji ya zauna a tsakiya, ɗalibai mata a gefe da mayafansu, aka miƙo mini makirfo. Da na karanta suna na zauna, da an wuce wurin. A'a, sai da na yi jawabi. Na ce kada wani ya yi mamaki in gwarzo ya fito daga waɗanda aka cinye, don a 1983 Houston ta faɗi a hannun North Carolina State 54 da 52, amma ɗan wasan Houston, ɗan Legas Hakeem Olajuwon, aka ba kyautar. Aka tafa. Wakili ya gyaɗa kai. Tafin nan ne ya ja ni, na fara bin yaran ɗaya bayan ɗaya. Da na zo kan lamba 4 na ce dogo ne na banza, ya shigo a makare yana ɗingishi, maki 2 kacal, shawarata ya koma langa. Aka yi dariya, amma wata iri.

Na gyara murya. "Lamba 9. Maki 26. Cafke 14. Fawul 7."

Wurin ya yi tsit, har ana jin janareta. Rafali, wani dattijo mai furfura da usur a wuya, ya ɗaga yatsa kamar ɗan aji.

"Yallaɓai, fawul nawa ka ce?"

"Bakwai, Baba."

"A dokar da muka yi wasa da ita, mutum na yin biyar yake fita."

Mai hankali a nan zai ce a yi haƙuri. Ni kuwa, ta lasifika, na ce, "Ai a gasar NBA ta Amurka shida ne."

"To bakwai fa, a wace ƙasa?"

Na kalli littafi. Na kalli Koci, ya juya baya kafaɗunsa na rawa. Na ce ko ma dai mene ne, lamba 9 ya fito.

Wani ɗan tsurut ya taso daga bayan tankin ruwa. Rigar ta kai masa gwiwa, jiƙe sharkaf, shi kuwa goshinsa ko ɗigon gumi babu. Ashe yara goma sha ɗaya suka zo da riguna bakwai. Bencinsu na bayan tanki, duk wanda aka fitar sai ya tuɓe ya miƙa wa mai shiga da ɗuminta. Mutum huɗu suka sa lamba 9. Wannan na huɗun minti ɗaya da rabi ya yi a fili, sau ɗaya ya taɓa ƙwallo, shi ma rafali ya jefa wa. Dogon da ya ci 18 ɗin kuwa ya gurɗe ƙafa ne kafin hutu, aka ɗaure masa, ya dage ya dawo a ƙarshe da rigar da ya samu. Lamba 4. Wanda na tura langa. Kuma a gefen layinsa, da hannuna, na rubuta: "Yana ɗan kama da lamba 9, amma bai kama ƙafarsa ba."

Ɗan tsurut ya durƙusa gaban wakili, ya karɓi ambulan ɗin dubu biyar da hannu biyu, ya ce Allah ya ƙara girma. Bai ko kalle ni ba. Mai rake ya yi dariya har ya ƙware, kuma ni, ni ɗin nan, na miƙa masa ruwan ledata.

Yayar dogon ta tare ni wajen babur. Ba ta ɗaga murya ba, ta ce, "Malam, langar a ina ake rajista?" Na ba yaron dubu biyar daga aljihuna, don wancan ya ce shi a gaban jama'a aka ba shi, kuma gaskiyarsa. Jiya na je shan shayi, yaron mai shayi ya ce, "Lamba Tara, da madara ko babu?" Mai rake na zaune. Na yi masa zancen dubu biyuna, ya ce in duba littafina, wataƙila wani ne ya ranta.

Jan biron ma ban dawo da shi ba.