Katin tallafin Ostareliya bai taɓa tantance mashayi ba

Yana damuna jin ana cewa da Ostareliya ta soke katin tallafi na tilas a 2022, ta sakar wa mashaya kuɗi ne kawai. Masu faɗin haka suna da dalili: giya da caca sun rusa gidaje da dama. Katin da aka fara gwadawa a garin Ceduna a 2016 ya riƙa kulle kashi 80 cikin 100 na tallafin, ba a sayen giya ko yin caca da shi, ba a cire tsabar kuɗi.

Sai dai a mafi yawan wurare katin bai duba halin mutum ba. Garin da kake da irin tallafin da kake karɓa su suka riƙa jefa ka ciki, shi ya sa ya fi faɗa wa 'yan asalin ƙasar, wato ƙabilun da ke can tun kafin zuwan Turawa. Uwar da ba ta taɓa kurɓar giya ba, in maƙwabciya na sayar da kayan yara na gwanjo da kuɗi hannu, sai ta haƙura ta nufi kanti mai tsada.

A 2018 babban mai binciken kuɗin gwamnati ya ce da wuya a tabbatar katin ya rage ɓarna. Wanda ke son a riƙe masa kuɗinsa kuwa, har yanzu yana iya nema da kansa.