Wa ya sha mini kilowat 340?

Tun ranar da faktir ɗin wutar lantarki ta watan Afrilu ta shigo gidana a unguwar Zariya da ke Maraɗi, raina bai kwanta ba. Kilowat 340 aka rubuta mini. Ni da gidana ɗaki biyu ne da falo, ba kilim, ba injin wanki, guga ma da gawayi nake yi wa yara!

Ɗana da ke lise ne ya ce, "Inna, kawo mu lissafa da kanmu." Ya jawo konjilatar da nake sana'ar ƙanƙara da zoɓo da ita, ya haska takardar da ke manne a bayanta da fitilar waya, ya share ƙura da yatsa: wat 200. Ya ce lissafin ba wuya, a ninka wat da awowin aiki, a raba da dubu, abin da ya fito shi ne kilowat ɗin da kwantar ke ƙirgawa. To, mu ce injinta bai huta ba ko minti ɗaya dare da rana, alhali yana hutawa in ta yi sanyi. Awa 24 ke nan, kilowat 4.8 a yini, 144 a wata. Fanka biyu, kowace wat 75, awa goma goma, saboda zafin Maraɗi a bazara ya wuce digiri 40 kuma ba mai iya barci ba iska: 45 a wata. Ƙwan fitila biyar irin na zamani masu wat 10, awa shida, 9 kacal. Tele 12. Duka duka 210. Har cajin waya muka saka, bai kai kilowat biyu ba.

Kuma wannan lissafin na wanda kuran bai taɓa yanke masa ba ne. Wane gida ne a garin nan ya ga wuta awa 24 a watan Afrilu? Layin da ke kawo mana wuta daga Katsina ta Gazawa yake bi, mun san haka, mun kuma ɗanɗana kuɗarmu a watan Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse shi. Mun yi haƙuri da wancan. Amma a ɗauke wuta tun hantsi har la'asar, sannan a kawo mini takardar wanda ya kwana ya yini cikin haske, wannan ba zan haɗiye shi ba.

Abin da ya fi ci mini rai, yankewar nan sau biyu take cutar da ni. Ƙanƙarar da ta fara kamawa ta narke, in buɗe murfi in tarar da ledoji suna iyo cikin ruwa, zoɓo ya fara tsami. In wuta ta dawo, injin ya kama gurnani ba tsayawa don ya sake daskarar da abin da na riga na biya kuɗin daskarewarsa. Wani lokaci ta dawo ba ƙarfi, fanka na juyi kamar mai jin barci, injin konjilata ya yi zafi har ba ya taɓuwa, dole in zare shi don kar ya ƙone. Ga kuɗin wuta hawa-hawa ne, in ka tsallake wani mataki farashin kowane kilowat ya ƙaru. Wato kilowat 130 ɗin da aka ɗora mini a kan 210 ɗin da muka lissafa, a farashi mai tsada aka ɗora su, haraji kuma ya hau kai.

Na ɗauki takardar lissafin ɗana da hoton kwantar na tafi ofishin kamfanin wuta. Na yi layi tun safe cikin rana. Da na kai gaba na ce, "Malam, don Allah duba lambar da ke hoton nan da wadda ke faktir, ba su yi daidai ba." Ko ɗaga kai bai yi ba. "Hajiya, ki biya tukuna, daga baya a duba." Na ce mai karanta kwantar bai taka ƙofar gidana ba watan nan, ina gida kullum, sana'ata a gida take. Ya ce in ba a biya ba za a yanke.

Na biya, da kuɗin adashen da na ware don littattafan yara. Yanzu kowace ranar ɗaya ga wata ina ɗaukar hoton kwantar in rubuta lambar a bayan kalanda, maƙwabtana biyu ma sun fara. Ranar Litinin zan koma ofishin da takarduna, kilowat 130 nake bin su.