Faransanci ba ya kamuwa a kan allo kaɗai

Akwai wani abu da iyaye a nan Jamus suka saba da shi har ba sa ganin sa abin magana. Yaro ɗan shekara 14 ko 15 zai ɗauki jakarsa ya tafi Faransa, ya sauka a gidan mutanen da bai taɓa gani ba, ya riƙa bin ɗansu makaranta. In ya dawo, ɗan nasu ya biyo shi, iyayen wannan su riƙe shi kamar yadda aka riƙe nasu. Ba a biyan kuɗin masauki. Kowane gida ya ciyar da baƙonsa, shi ke nan.

Abin ba da ka ya tsiro ba. A ranar 22 ga Janairun 1963 shugaban Faransa Charles de Gaulle da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Konrad Adenauer suka sa hannu a yarjejeniyar abota ta Elysee, a shekarar kuma aka kafa ofishin matasan ƙasashen biyu, wanda ke tallafa wa irin waɗannan tafiye-tafiye da kuɗin mota. Ƙasashen da suka gwabza yaƙi sau uku cikin shekara 75 ne suka yanke shawarar tura 'ya'yansu kwana a gidajen juna. Matasa fiye da miliyan tara sun ratsa ta wannan ofis. A cikin shirye-shiryensa akwai na wata uku-uku mai sunan Brigitte Sauzay, matar da ta yi wa shugabannin Faransa tafinta, akwai kuma na wata shida-shida da ake kira Voltaire.

Mu kuwa a Najeriya, in an ce musayar ɗalibai, hankali sai ya tafi Amurka. Shirin YES da majalisar dokokin Amurka ta kafa a 2002 ya kai yaran sakandare daga Najeriya sun yi shekara guda a gidajen Amurkawa, kuma ban raina shi ba. Sai dai ƙalilan ne ke samu, kuɗin na wasu ne, mu kuma kullum mu ne baƙi. Wanda bai taɓa karɓar ɗan wani ba rabin darasin ya sani.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne maƙwabtanmu. Nijar, Benin, Chadi da Kamaru duk ana karatu da Faransanci a cikinsu, Katsina zuwa Maraɗi kuwa bai kai kilomita 100 ba. Duk da haka yaro zai yi shekara uku a ƙaramar sakandare yana haddace jadawalin aikatau, ya fito bai iya tambayar hanya ba. Ɗan Maraɗi ma haka yake fama da Turanci. Gwamnati ta san maganin, tunda ta kafa ƙauyen koyon Faransanci a Badagry a 1991, inda ɗaliban jami'a ke zuwa su zauna cikin harshen. To me ya sa sai an kai jami'a, bayan harshen yaro ya riga ya yi tauri?

Wani zai ce ai in ka haɗa Bakatsine da Bamaraɗe, Hausa za su yi ta yi. Gaskiya ne, kuma a nan ma akwai irin wannan matsala: Bajamushe da Bafaranshe sukan zame su koma Turanci, ko kowa ya duƙufa kan wayarsa yana hira da abokan gida. Amma aji na nan. Awa shida ana koya maka lissafi da tarihi da harshen da kake nema, kunne dole ya buɗe. Hausar kuma za ta rage wa yaro kewa, iyayen ɓangarorin biyu su iya magana kai tsaye ba tafinta.

Babban cikas shi ne tsaro da amana. A nan malamai ne ke haɗa yaro da yaro, iyaye su cike takardu su sa hannu, kowace makaranta kuma ta ware malamin da baƙon zai kai wa kuka. Ba tare da irin wannan ba, ni ma ba zan ba da 'yata ba. Ga siyasa: an rufe iyakar Najeriya da Nijar bayan juyin mulkin 2023, sai a 2024 aka buɗe.

Saboda haka ba sai an fara da wata uku ba. Shugabannin makarantu biyu, ɗaya a kowane gefen iyaka, za su iya farawa da mako biyu da yara goma, kowane rukuni da malaminsa, 'yan mata kuma da malama mace da za ta kwana a garin har a dawo.