Ɗan sarkin da aka ce ba ɗan aure ba ne

A unguwar Alkantara nake aiki, cikin Lisbon, babban birnin Fotugal, ƙarƙashin jar gadar nan mai gurnani dare da rana kamar amyar zuma. Kowace safiya mutanen nan a tsaye suke shan gahawa a ɗan kofin da bai fi maƙurwa biyu ba, bangon shagon duk shuɗin tayil, ƙamshin gasasshen kifi na shigowa daga bakin kogi. A nan wani dattijo abokin aikina ya ce mini a wannan unguwa aka karya Antoniyo, mai neman gadon sarautar ƙasar, a yaƙi ranar 25 ga Agusta 1580. Ya ba ni labarin, sannan ya rufe da cewa, "A wurinku ai irinsa ko sunan uba ba zai samu ba." Maganar ta tsaya mini a rai.

Sarkinsu Sebastiyan ya je yaƙi Maroko a 1578, bai dawo ba, bai kuma bar ɗa ba. Aka naɗa ƙanin kakansa Henrike, tsoho, babban limamin coci da aka haramta wa aure. Ya rasu a farkon 1580, gadon sarauta ya zama babu mai shi. Antoniyo jikan Sarki Manuwel ne ta wajen uba, amma ba a yarda an ɗaura wa iyayensa aure ba. Talakawa suka yi masa mubaya'a a garin Santarem. Manya kuwa, da yawansu sun riga sun karɓi kuɗin Filip na biyu na Sifaniya. Rundunar Filip ta tarwatsa 'yan tsirarun mayaƙansa, tsibirin Tersera ya riƙe masa amana har 1583, ya mutu a Paris a 1595 cikin talauci. Ƙasar ta yi shekara 60 a hannun baƙi.

To wa ya hana shi sunan uba? Mu ne? Baffansa Henrike ne da kansa ya yanke hukuncin cewa babu auren. Abin takaicin kuma, wanda ya kafa gidan sarautar nasu a 1385, Juwan na farko, shi ma ba ɗan aure ba ne. Da ya ci yaƙi aka gina wa nasararsa katafaren coci a Batalha. Da Antoniyo ya faɗi, sai aka tuna da uwarsa.

A gidajen sarautarmu ɗan ƙwarƙwara ɗan sarki ne cikakke, sau nawa ya hau karaga. Gida ba ya ƙarewa don mutum ɗaya ya mutu, masu zaɓen sarki na nan: a Kano Madaki, Makama, Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. Ban ce ba mu da namu tabon ba. Basasar Tukur da Yusufawa ta ci rayuka, kalmar shege kuma tana da nauyi a bakinmu, na sha jin an jefi yaro da ita a kan laifin da bai san an yi ba. Amma ban san lokacin da muka taɓa rasa magaji har muka kira maƙwabci ya zo ya ɗauka ba.

Duk wannan ban faɗa wa dattijon ba. Fotugisancina bai kai nan ba, na sayen burodi ne da karɓar umarni. Na yi murmushi kawai, na shanye gahawata. Da a dakalin ƙofar gidanmu ne bayan la'asar, da sai kiran magariba ne zai raba mu.