Kujeru Uku na Legas: Ƙuri'ar Masu Fam Ɗari

Ana yawan cewa dimokuraɗiyyar Najeriya ta fara ne a zaɓen Satumbar 1923, amma wanda ya duba mazaɓar Legas ta wancan zamani da kyau zai ga cewa ƙofar da Gwamna Clifford ya buɗe da tsarin mulkin 1922 ƙunci gare ta ƙwarai. Majalisar Dokoki tana da mambobi 46, huɗu ne kawai zaɓaɓɓu: uku daga Legas, ɗaya daga Kalaba. Kafin mutum ya jefa ƙuri'a, sai ya kasance namiji baligi mai samun fam 100 a shekara, wato an rufe ƙofa ga mata duka da ɗan dako da masunci. Arewa kuwa ba ta ma cikin lissafi, domin gwamna ne ke yi mata doka da kansa har zuwa 1947.

Duk da haka, ban yarda a raina kujerun nan uku ba, domin a kansu ne 'yan Najeriya suka koyi siyasar jam'iyya. Herbert Macaulay ya kafa jam'iyyar NNDP (Nigerian National Democratic Party) a 1923, kuma ko da yake ɗaurin da aka taɓa yi masa ya hana shi tsayawa takara, mutanensa, Egerton Shyngle da Eric Moore da Adeniyi-Jones, suka kwashe kujerun. Jam'iyyar ta riƙe su a 1928 da 1933, kafin matasan ƙungiyar NYM (Nigerian Youth Movement) su ƙwace a 1938.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne zaɓen cike gurbi na 1941, bayan Kofo Abayomi na NYM ya bar kujerarsa. NYM ta rabu gida biyu kan wanda za ta tsayar takara tsakanin Ernest Ikoli, ɗan ƙabilar Ijo, da Samuel Akisanya, Bayaraben Ijebu. Masu saurin kiran rikicin da ƙabilanci tsagwaronsa suna manta cewa Awolowo, wanda shi ma ɗan Ijebu ne, Ikoli ya mara wa baya, Azikiwe kuma ya tsaya wa Akisanya. Gasar shugabanci da ta jaridu ce ta kunna wutar, daga baya aka zuba mata man ƙabila. Ikoli ya samu kujerar, Azikiwe ya fice da magoya bayansa, kuma a 1947 shi da kansa ya shiga majalisar a matsayin wakilin Legas, lokacin da NYM ta riga ta zama kufai.