Wa yake zaɓen kwamishinonin CEMAC?

Jama'a, musamman 'yan uwana 'yan kasuwa da direbobi masu tsallaka gadar Ngeli tsakanin Kusseri da Njamena, akwai hukumar da ya kamata mu san yadda ake haɗa ta, wato hukumar zartarwa ta CEMAC, ƙungiyar tattalin arziki da kuɗi ta ƙasashen tsakiyar Afirka, domin dokokin kwastan da na zirga-zirga da muke fama da su kullum ita ce mai kula da aiwatar da su.

A Njamena aka sa hannu kan yarjejeniyar CEMAC a 1994, ƙasashe 6: Kamaru, Chadi, Gabon, Kongo Brazzaville, Jamhuriyar Afirka ta Tsakiya da Ikwatoriyal Gini. A 2007 aka mai da sakatariyarta hukumar zartarwa. Kowace ƙasa kwamishina ɗaya, wa'adin shekara 5, shugabanci kuma karɓa-karɓa ne. Daniel Ona Ondo na Gabon ya riƙe daga 2017, a 2023 Baltasar Engonga Edjo'o na Ikwatoriyal Gini ya gaje shi.

Ni karɓa-karɓar nan ba na adawa da ita. Da an bar wa mai ƙarfi, da Kamaru ta kwashe komai, ƙananan ƙasashe su ja baya. Abin da ke damuna shi ne hanyar hawa kujerar. Gwamnati ce ke miƙa suna, taron shugabannin ƙasashe ya naɗa, shi ke nan. To mutumin da shugaban ƙasarsa ya ɗora shi, yaya za a yi gobe ya dubi idon wannan shugaban ya ce masa ƙasarka ta karya doka? Tun 2017 duka ƙasashen suka amince da shiga ba biza, amma ku tambayi duk direban da ya ɗauko kaya daga Duwala zuwa Njamena shinge nawa ya tarar a hanya.

Ga kuma kuɗi. Harajin kashi 1 cikin 100 ake karɓa kan kayan da aka shigo da su daga wajen yankin don a gudanar da ƙungiyar, kuma mu masu saye ne ke biyansa a ƙarshe. Gwamnatoci su karɓa, su riƙe, hukuma ta koma roƙo.

Muna da majalisar dokokin CEMAC a Malabo. Abin da nake nema, duk wanda za a naɗa kwamishina ya fara tsayawa gabanta a bainar jama'a, a watsa a rediyo, a tambaye shi me zai yi da shingayen hanyar Garwa zuwa Kusseri. In amsarsa ba ta gamsar ba, ƙasarsa ta kawo wani sunan.